Taswirar Baba a kan rairayi

Jiya ruwan sama ya tsattsaga tsakar gidana, sai na tuna Baba.

In damina ta matso, yakan tsuguna a gindin tsamiya ya tara rairayi da hannu. Ya gina tuddan ƙauyenmu Giyawa, ya tona kwazazzabai, ya ja burtalin shanu da yatsa. Sannan ya tsiyaya ruwan buta a kai, don ƙanena ya ga inda ambaliya ke cin dabba. Ni kuwa kawo fura ne aikina. Har yau ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi yana taso min da haushin nan.

Wata rana ƙanen nawa ba ya nan, Baba ya miƙo min butar.

"Zuba, ɗiyata. Mi kig gani?"

Na ce, "Ruwan ya zagayo ta bayan tudu."

Ya gyaɗa kai. "In ya dawo, ki gaya mishi."

Yau ƙanena albasa yake sayarwa a Goronyo, ko kwari ɗaya bai tuna ba. Ni da aka nuna wa sau ɗaya, ina iya zana ƙasar ido rufe.

Allah ya yalwata kabarinka, Baba. In mun gamu a Aljanna, ka fara kiran sunana.