'Yar Aike a Zauren Baba

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan mutanen da a cikin garin Daura ya san abin da hakan yake nufi. Ubanka ba ya kama sunanka, ba ya hira da kai, ko kallon kirki ba ya yi maka. Wai kunya ce. Ni dai na duba jikina ban ga abin kunya ba, amma haka na taso. In Baba zai aike ni, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa wancan ya je ya sayo kalanzir," alhali ina tsugune a gabansa. Ƙannena kuwa har shewa suke yi da shi, autarmu ma hularsa take cirewa ta ruga. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Na girma, ina koyarwa a wata sakandare a Zango, amma ban taɓa yin maganar da ta wuce "an tashi lafiya" da mahaifina ba. Ga tsufa ya fara kama shi, ina tsoron mu rabu a haka.

A lokacin ina da wata tsohuwar laftop da na saya a hannun wani ɗan Mai'adua. Ya rantse mini wata Baturiya ce ta yi amfani da ita, ita ma ran Lahadi kaɗai. To in Baturiya ce, lallai a kanta take yanka albasa. Da ita nake buga wa ɗalibai tambayoyin jarrabawa.

Rana ɗaya kibiyar kan allon ta haukace. Ka ɗora yatsa a kan ɗan faifan da ake shafawa kana so ta yi gabas, sai ta arce yamma, ta buɗe abin da ba ka sa ta ba, ta ja rabin shafi ta goge. Madannan rubutu ma suka bi sahu. Wasu sai ka danna da ƙarfin tsiya, wasu kuwa taɓawa ɗaya su cika maka layi. Babu abin da ban yi ba. Na kashe na kunna. Na goge faifan da auduga da turare. Na kife ta na bubbuga bayanta, sai ga ɓawon gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli suna zubowa, wannan kam ba zan ɗora wa Baturiya ba. Na sayo maus a kasuwa, ɗan abin nan da ake jonawa a ja kibiya da shi, ashe ramin da ake soka shi ya kwaɗe, sai an tokare da tsinke, da ka yi numfashi ya zare. Wani mai gyara ya ce cuta ce ta shige ta, ya wanke ta tas, ya haɗa da hotunan bautar ƙasata, Allah ya isa. Madannai sun ɗan saitu bayan na kakkaɓe su, amma kibiya tana nan da haukanta.

Sai bazara ta shigo. Ɗakina rufin kwano ne, in da wuta fanka tana ɗan ceto, in an ɗauke kuwa sai dai ka fita ko ka dahu. Wata rana bayan azahar aka ɗauke, ga jarrabawa a kaina. Wuri ɗaya ne mai sanyi a duk gidan, zauren ƙasa inda Baba yake dukancinsa. Tun ina yaro wucewa kawai nake yi ta ciki. Ran nan dai zafi ya fi kunya ƙarfi. Na zare caja, na rungumi laftop, na tuɓe takalmi, na yi sallama, na lallaɓa can kusurwa na zauna. Baba yana ɗinka wani matashin fata, bai ɗago ba.

Na ɗora yatsa a faifan, sai kibiya ta bi ni lafiya lau. Na yi dama ta yi dama, na yi hagu ta yi hagu. Ban san lokacin da na ce, "Ke! Yanzu kuma hankali ya dawo?"

"Ta san inda take," in ji Baba, idonsa a kan fatarsa. Ya ja zare, sannan ya ɗan karkato wajen laftop ɗin. "Ke 'yar nan, ashe kina da tarbiyya. Tambayi mai ke, me kike yi masa a can ɗaki?"

Ban san ko ni ne zan amsa ba. Sai na dubi allon na ce, "Gaya wa Baba tsalle-tsalle kike yi, ba kya jin magana."

"Ki ce masa shi ma haka ya yi yana ƙarami."

Ban buga tambaya ko ɗaya ba ran nan, ina nan zaune har batir ya ƙare.

Da aka kawo wuta na koma ɗaki na jona caja, kibiya ta koma gidan jiya. Washegari na dawo zaure, ta natsu. Baba ya yanke hukunci cewa na'urar ba ta son takalmi da kujera da girman kai, ni kuwa ban yi musu ba. Kullum na dawo daga Zango sai in ajiye babur, in ɗauko ta, mu sha hira mu uku iya abin da tsohon batirinta zai ɗauka. Ta bakinta na ji yadda ya koyi dukanci a hannun kakana da ranƙwashi. Ta bakinta na ji cewa ranar da aka haife ni gudu ya yi kasuwar Mai'adua don kunya, ya wuni yana taya awakin da ba shi da niyyar saye. "Ki gaya masa," in ji shi, "ran nan ko ruwa kasa haɗiya na yi don murna." Na sunkuyar da kai na yi kamar ina neman wani harafi, don hawaye ne ya cika mini ido.

Inna takan leƙo ta riƙe haɓa. "Allah ya shirya," take cewa, "tsoho da furfurarsa yana zance da ƙarfe."

Har gyara ya yi mata. Akwai wani madanni da yake liƙewa, na kai ƙara ta hannun 'yar aike. Baba ya miƙo hannu, ya karɓe ta, ya sa basilla ya ɓanɓaro madannin. Madannin ya yi sama ya faɗo biyu. Baba ko a jikinsa. "Ki ce masa dama ruɓaɓɓe ne." Ya yanko jar fatar akuya daidai wurin ya manna da gam. Madannin bai ƙara aiki ba har abada, amma ya fi duk sauran kyau, ga warin majema.

Wani abokin aikina ne ya gano matsalar. Ya juya cajata a hannunsa ya ce jabu ce, in tana jone ita take rikita faifan, a zaure kuwa ai ba na jona ta tun da babu soket. Na sayo mai kyau a Katsina, kibiya ta natsu har a ɗaki. Na ja bakina na yi shiru, na ci gaba da zuwa zaure. Wa zai je ya gaya wa Baba cewa tarbiyyar ta caja ce?

Ba a jima ba batir ya ce ga garinku nan. Da ka zare caja sai allo ya yi baƙi. Na nemi irinsa har Kano, wani mai shago ya dube ni ya ce in gwada gidan tarihi. Sai ga ni da lafiyayyiyar laftop a ɗaki, matacciya a zaure. Na yi kwanaki ina wucewa ta gaban Baba hannu rabbana, in durƙusa in ce an tashi lafiya, ya amsa wa bango. Abinci ma ya daina yi mini daɗi. Na yi tunanin in shiga haka kawai in zauna, amma wallahi ƙafata ta ƙi.

Ran nan dai na ɗauko ta haka nan. Na tuɓe takalmi, na zauna a kusurwata, na juya masa bayanta don kada ya ga allon, na fara danne-danne ina gyaɗa kai kamar mai aikin gaske. Sai ya ce, "Ke, kwana biyu." Ya ɗauko labarin wata tafiya da ya yi da fatu zuwa Kano a bayan babbar mota, yadda ruwa ya dake su a hanya har fatun suka fara wari, fasinjoji suka ce sai dai a sauke shi ko a sauke su. Na yi dariya, na aika masa da tambayoyi, ya aiko da amsa. Muka zarce lokacin da batir ya saba ƙarewa, babu wanda ya ce uffan. Haka na yi washegari ma, da wanshekarenta.

A wannan rana ta uku, muna cikin hira aka kira la'asar. Baba ya soke basillarsa a fata, ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki butarsa. Da ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ke 'yar nan," in ji shi, "na san kin mutu. Da nishinki har waje ake ji, yanzu kuwa tsit. Allah ya jiƙanki. Amma ki gaya masa gobe ma ya kawo ki, ban gama ba shi labarin ba."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya ɗan jima a tsaye da butar a hannu, sannan ya ce, "To."