Sanduna Takwas na Masta Gado

Ranar Talata da hantsi ina kwance ƙarƙashin wata tifa a garejinmu na Dichemso, Alhaji Mamman mai fataucin shanu ya yi sallama a kaina. Daga Nijar ya dawo. Bai jira na wanke hannu ba ya ce, "Sani, sai haƙuri. Masta Gado ya rasu a Dogon Dutsi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tarin da ya kama shi a bayan motar da ta kwashe su lokacin korar baƙi ne bai sake shi ba.

Shekara ashirin da biyu muna gyaran mota rumfa guda. Yana ɗan shekara bakwai aka zo da shi nan Kumasi daga Nijar, nan ya binne mahaifinsa, nan ya haifi ’ya’yansa biyar. Duk fita, wato makanike, da ke Zongo ya san tandun kwallin da ba ya barin aljihunsa. Mukan tsokane shi mu ce amarya ta iso, shi kuwa sai ya ce, "Ido yana ruɗin mutum, kwalli ba ya yi." Na rubuta wannan ne domin har yau akwai masu cewa shi ya kashe injin wani attajirin unguwar Kwadaso. Ƙarya ce, kuma a gabana aka yi komai.

Attajirin nan, mai sayar da katako ne, yana da wata ƙaramar mota mai gudu da yake ji da ita. Bara ya yi odar roka na inji na musamman daga ƙasar waje, masu ’yar taya a baki, waɗanda ke mirginawa a kan bawul maimakon su goge shi. Masta ya ɗaura su. Kafin ya rufe injin sai ya kwaɓa kwalli da ɗigon mai, ya shafa a kan kowane bawul, ya juya injin da hannu, sannan ya kwance ya duba inda tayar ta bar sawu. Sawun a gefe ya faɗi, ba tsakiya ba. Sandunan da ke tura rokar sun yi tsawo.

Ya roƙi mai motar da yarensu, ya ce, "Nana, me pa wo kyɛw, don Allah ka ba ni sati guda in yanka wasu. In ka tuƙa ta haka, bawul zai karye."

Mutumin ya ce Asabar zai tafi Ankara, babban birnin ƙasar, kuma bai sayo kayan Turai don a shafa musu kwalliyar mata ba. Ya sa aka ja motar zuwa wani gareji, aka rufe masa injin a yini guda. Bai kai rabin hanya ba injin ya watse. Maimakon ya ji kunya, sai ya bi gari yana cewa baƙon nan ne ya ɓata masa mota.

Ana cikin haka dokar korar baƙi marasa takarda ta fito. Wannan mutum ya sha yi wa Masta alkawarin wasiƙar shaida duk ranar da ya buƙata. Ni na raka shi Kwadaso. Aka bar mu tsaye a bakin ƙofa tun azahar har la'asar, sannan aka aiko mana cewa Masta ya je ƙasarsu ya ci gaba da ɓata injuna. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar nan ba, kuma har yanzu bai bar ni ba.

A kwanakinsa na ƙarshe a Kumasi, mutanen unguwar Akwatialine na sayar da gadaje da tukwane a wulaƙance, na iske shi a gareji yana goge bakin wasu sanduna yana aunawa. Na san na wace mota ne. Na ce, "Masta, kana da hankali kuwa? Mutumin da ya yi maka wannan?"

Bai ɗago ba ya ce, "Ai ba injin ne ya kore ni ba."

Ya naɗe su takwas a tsumma, ya haɗa mini da tandun, ya ce in motar ta dawo in sa mata.

Ta dawo makon jiya, kwana kaɗan da jin rasuwar, bayan gareji uku sun gaza. Na so in kore ta, sai na tuna amana ce. Na canza bawul, na sa sandunan Masta, na shafa kwalli na juya injin. Duka takwas sawun ya faɗi tsakiya cif. Da mai motar ya ji ƙarar injin sai ya washe baki ya ce hannuna ya fi na baƙon nan. Na nuna masa tsumman, na gaya masa wanda ya yanka su, da ranar da ya yanka su. Sai ya tambayi inda Gado yake yanzu, wai zai rubuta masa wasiƙar. Na gaya masa inda yake.

Allah Ya jiƙan Masta Gado, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Hajara haƙuri, Ya raya ’ya’yansa a ƙasar da ba su taɓa gani ba sai da aka kai su a bayan mota. Ni kuma Allah Ya sanyaya mini zuciya, don ban kai inda Masta ya kai ba. Amin.