Takalmin da ya ƙi sakin feda a gaban surukina

Shekarun baya, lokacin ina aiki a Kano ban yi aure ba, na faɗa harkar tseren keke. Abokina ne ya ja ni. Duk safiyar Asabar mu fita mu wajen goma, mu yi ta bugawa har bayan gari mu dawo. Wata uku da farawa ya ce min in da gaske nake, sai na canza feda. Akwai wata feda ta 'yan tsere da ke zuwa da takalminta. A ƙasan takalmin akwai ɗan ƙarfe, kana takawa ka ji ƙas, shi ke nan ƙafarka ta kulle da keken. Ba ta fita sai ka murɗa dunduniya waje. Ka ja sama, ka ja baya, duk a banza.

Na saya. Na gwada a tsakar gidan da nake haya ina dafe da bango, na shiga na fita wajen sau biyar. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne.

A satin ne na ɗauki hutu na tafi gida Daura, saboda Asabar ta sama baffana zai je gidan su yarinyar da nake nema a sa mana rana. Shekara biyu ina bin maganar nan. Na cire tayar gaba na cusa keken a but ɗin mota, wai kada in yi sati biyu ban motsa jini ba.

Kwana biyu da zuwana, bayan la'asar, na hau na miƙe hanyar Zango na juyo. Dogon wando na sa da riga mai hannu, na san inda nake, sai hular kwano. Da na shigo gari na yanke ta unguwar su yarinyar. Ba layinsu zan bi ba, na baya zan bi. Abin da ban sani ba, mahaifinta ya canza wurin zama. Ya dawo da tabarmarsa gindin wata dalbejiya a bakin kwana, shi da abokansa biyu. Ina shan kwanar sai ga ni ga su.

Duk wanda ya taso a wajenmu ya san ba a wuce babba a kan keke. Tun daga nesa ake sauka, a jingine shi, a cire takalmi, a tsuguna. Balle mutumin da kake neman 'yarsa. Jikina ya san wannan tun ina firamare, don haka hannuna ya damƙe birki kafin kaina ya ce komai. Keke ya tsaya cak. Na ɗaga ƙafar dama zan sauke, ta ƙi zuwa. Na ɗaga ta hagu, ita ma ta ƙi. Wallahi a lokacin na manta sam akwai wata magana wai ita murɗa dunduniya. Mamaki kawai nake, ƙafafuna ne amma ba sa jin magana.

Ina kallon dattijan, suna kallona. Daga nan na fara tafiya gefe a hankali, kamar katangar ƙasa da ruwa ya ci gindinta, har na kai ƙasa, hannuwana na riƙe da kan keken.

A nan ne na ɓata komai. Kunya ta sa na runtse ido. Bakina ya cika da rairayi, na yi ta tofarwa. Kuma ina kwance na ci gaba da fizgar ƙafafu da ƙarfi don su fita, keken na jijjiga tare da ni. Magana kuwa ban yi ba. Me zan ce? Mutumin da ko a tsaye ba na iya haɗa ido da shi, yanzu ina kwance a gabansa da keke tsakanin cinyoyina.

Na ji wani na cewa, “Ku ja baya, kada yawun ya taɓa ku.” Na ji wani ya ce a samo cokali. Duk na ji, amma ban haɗa su da kaina ba, ni dai ƙafata nake nema. Mai shagon da ke gefe ne ya zo ya ɓalle maɗaurin takalman ya zare min ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Takalman suka rage a maƙale a jikin feda, suna lilo.

Na tashi da safa na matsa na tsuguna. “Baba, barka da yamma.”

Ya ƙare min kallo. Sannan ya ce, “Sannu. Sannu kai. Allah ya ƙara sauƙi.” Abokansa ma suka yi ta min sannu a hankali. Ɗayansu ya ce kada in sake hawa, in tura shi har gida. Na ce to. Na tura keken da safa har ƙofar gidanmu, a raina ina cewa mutanen nan akwai kirki, gwiwar hannu kawai na kuje amma dubi yadda suka damu.

Da na kira yarinyar bayan magariba ba ta ɗaga ba. Washegari ta turo saƙo, “Ya jiki?” Na ce da sauƙi, ɗan kujewa ne. Na tura mata abin dariya, shiru. Ranar Laraba baffana ya aiko a kira ni, ya ce an aiko daga gidan su yarinyar an ce maganar Asabar a ɗan dakata. Ya tambaye ni ko mun yi faɗa. Na ce a'a. Ko na yi wa wani rashin kunya a gidan. Na ce a'a. Na ba shi labarin faɗuwar, ya ce don an faɗi a keke ba a ɗage sa rana.

Haka na yi kwanaki ina zagaye a tsakar gida. Na koma na karanta saƙonninmu na wata biyu ina neman inda na yi kuskure. A masallacin unguwa mutane na min sannu, wani ma ya matsa ya ba ni wuri kusa da bango. Ni kuwa ina ta amsa sannu ina duba gwiwar hannuna, wadda ta riga ta bushe.

Ranar Asabar ɗin da ya kamata a ce an je, wata maƙwabciyarmu ta shigo wajen mahaifiyata da ƙullin magani a leda. Bayan ta fita, mahaifiyata ta kira ni ɗaki ta tura ƙofa.

“Tun yaushe take kama ka?”

“Wa, Umma?”

“Ni na haife ka, ban taɓa ganin ka faɗi ba. In a Kano ta same ka, ai ni ya kamata in fara ji, ba mutanen gari ba. An ce ka faɗi a gaban mutumin nan kana shure-shure, baki na kumfa, ido a rufe. An ce farfaɗiya ce.”

Sai a lokacin cokalin nan ya dawo min. Na fita na jawo keken har ƙofar ɗakinta, na sa takalmin na taka, ya ce ƙas. Na ce ta ja ƙafata. Ta ja da hannu biyu, ta ƙi fita. Ta saki, ta koma ta zauna a bakin gado.

“Wato kai da kanka ka sayi abin da zai ɗaure ka a jikin keke?”

“Haka ake yi, Umma.”

“Su wa?”

Na murɗa dunduniya na zare ƙafata. Ta ce in ɗauki tarkacena in kai wa baffa yanzu.

Washegari bayan la'asar muka je, baffana a gaba, ni a baya ina tura keke, takalman a leda. Mahaifinta na gindin dalbejiyar nan da abokan nan nasa biyu. Babban yayanta ma na wurin, yana zaune a kan babur ɗinsa. Shi jigilar kaya yake tsakanin Daura da Kongolam ta bakin iyaka, kuma tun farko bai cika son harkata ba, “ɗan Kano” yake ce min. Na tsuguna can nesa da tabarmar.

Baffana ya yi bayani tiryan-tiryan, ya miƙa takalmin aka yi ta juya shi ana duba ɗan ƙarfen. Ɗaya daga cikin abokan ya ce, “Malam, ba mu ƙi taka ba. Amma ni da idona na ga yaron nan yana shure-shure. Takalmi ba ya sa shure-shure.” Baffana ya ce in ana so a je asibiti a gwada ni. Mahaifinta ya ce shi bai ce kowa na ƙarya ba, amma 'ya guda ce, kuma abin da ya gani ya gani.

Sai yayan ya sa baki daga kan babur. “Baba, ni fa tun ban kai sirdi ba nake hawa keke. Buhu uku nake ɗaurawa a babur ɗin nan in ratsa rairayi. Lafiyayyen mutum ba ya faɗuwa a kan keken da ke tsaye.”

Baffana ya juya ya kalle shi. “Takalmi lamba nawa kake sawa?”

Ya faɗa. Daidai da tawa.

“To bismilla. Ka je bakin layi ka dawo ka gaishe da mahaifinka.”

Gaskiya ban so in cuce shi ba. Da yana ɗaura takalmin na matsa na ce, “Yaya, in za ka tsaya, ka murɗa dunduniyarka waje tukuna.” Ya ce, “Ɗan Kano, ni za ka koya wa keke?” Ya taka, ƙas, ƙas, ya tafi. Kuma ya iya, har ya saki hannu ɗaya a hanya. Ya juyo da gudu, ya zo daidai gaban tabarma ya ja birki.

Na ga ƙafarsa ta dama ta motsa. Na ga ta hagu ta motsa. Na ga fuskarsa, irin tawa ce sak ta ranar nan. Ya tafi gefe a hankali ya kwanta. Yana kaiwa ƙasa ya fara fizge-fizge, keken na jijjiga, yana tofar da rairayi.

Babu wanda ya yi dariya, ni dai ƙasa nake kallo. Can sai abokin nan da ya ce ya gani da idonsa ya ce, “Haka wancan ma ya yi.”

Mahaifinta ya ce min, “Je ka cire masa.” Na je na kama dunduniyarsa na murɗa, ta fita. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce birkin keken ne ba shi da kyau.

Mahaifinta ya juya wajen baffana ya ce, “Ku zo Asabar, in Allah ya kai mu. A yi haƙuri.” Sannan a karon farko ya yi min magana kai tsaye. “Kai kuma, mene ne amfanin wannan ɗaurin?”

“Yana ƙara gudu, Baba.”

“Ina za ka?”

Baffana ya ce mu tashi.

An sa rana, an ɗaura aure, yanzu muna da yara biyu. Har yau ina hawa keke da fedar nan, na faɗi sau biyu bayan wannan, duk a Kano, inda ba wanda ya damu. Yayan matata kuwa in muka haɗu ba ma tayar da maganar.

In na ba da labarin mutane dariya suke, ni ma ina taya su. Amma akwai wani ɓangare da har yanzu ban gama gane shi ba. Kusan sati guda gari na maganar ciwona, aka ɗage min sa rana, aka kawo min magani, kuma duk cikinsu babu wanda ya zo ya ce min, me ya same ka? Kunya ta hana ni magana ina kwance, su ma kunyar ta hana su tambaya. Kuma a ce da gaske ina da ciwon, ban sa wa kaina ba, ana shan magani a zauna lafiya, to shi ke nan haka za a rufe ƙofa ban san dalili ba?

Na taɓa tambayar matata, bayan mun yi kusan shekara da aure. Na ce in da gaskiya ne fa, da ya za ki yi? Tana tankaɗen gari a lokacin. Ta ajiye rariya ta ce, “Wallahi ban sani ba. Satin nan kullum sai na ɗauki waya zan kira ka in tambaye ka, sai in ji tsoron ka ce e.”

Ban sake tambayar ta ba.