Saƙon Baba da Kwamfutata Ta Ƙi Karɓa

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a ina karatun kwamfuta, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifina a gidanmu na Gwammaja, ta tafi da muryarsa. Hannun hagu kaɗai ya rage masa. Ko ruwa yake so, sai ya jira wani ya leƙo.

Na ce to, yau ga ranar karatuna. Na rubuta 'yar manhaja da za ta zauna a kwamfutata tana sauraron saƙo, wadda muke kira saba. A wayarsa kuma na sa manyan maɓallai huɗu: Ruwa, Alwala, Juya ni, Zo. Na gwada a cikin kwamfutar, lafiya lau. Har na fara hango matan unguwa suna nuna ni.

Baba ya danna, sai ga "Connection refused". Saƙon ya je, an ƙi buɗe masa ƙofa.

Kwana uku ina ɗakin sama. Na zargi kaurin katangar gidanmu, na ɗora rauta, na'urar da ke haɗa wayar da kwamfutar, kan turmi a tsakar gida, na canja lambar ƙofar saƙo da ake kira port, na kashe mai gadinta firewall. In na gaji sai in zuba wa Dutsen Dala ido ta taga, shirwa na shawagi a kansa, in riƙa ganin kamar saƙon Baba ne ke kewayawa bai sami wurin sauka ba. Mahaifiyata ta ce ita dai da ƙararrawar keke na saya masa, da tuni an wuce wurin.

Wata ƙawata 'yar ajinmu ta zo dubiya, ta leƙa abin da na rubuta, ta yi murmushi.

"Ke, lambar 127.0.0.1 kika ba soket ɗin, kunnen sabar taki. Cewa kika yi kada ya saurari kowa sai kansa."

Layi ɗaya. Na mayar da shi 0.0.0.0, wato ya saurari kowa, na aika wa Baba da wayar. Can sai kwamfutar ta yi ƙara: Zo.

Na sauko a guje, ina tambaya ruwa ne, ko juyi? Ya girgiza kai. Ya ɗan bubbuga gefen katifa da hannun nan nasa, wato zauna. Kunya ta rufe ni, don rabona da zama kusa da shi kwana uku ke nan.

Baba ya rasu da daminar da ta biyo baya, Allah ya jiƙansa. Har yau ina kewarsa. Wani lokacin da la'asar nakan kunna tsohuwar sabar nan, ta rubuta cewa tana sauraro, ni ma in zauna in saurara.