Tururuwan da Suka Riga Ni Sani

A lokacin ni malamar firamare ce a Kafanchan, mai ba da waƙa a zumuntar mata, ga jiki ga lafiya, ko zazzaɓi bai cika kayar da ni ba. Da na fara ramewa har daɗi na ji, don rigar ankona ta daina matse ni.

Sai tururuwa suka fara zuwa. Dukanmu 'yan gidan muna shiga bayan gida ɗaya, amma sai na fito suke jero layi daga gindin katanga, baƙi ƙirin, su taru daidai inda na tsuguna. Na zuba musu kananzir, washegari suka dawo. Maƙwabciyata ta ce an binne mini abu ne, ta tuna mini yadda Mama ta rasu da ruɓaɓɓiyar ƙafa, wadda aka ce magani ta taka. Tsoro ya kama ni. Na shiga azumi da addu'a, ina buɗe baki da lemon kwalba saboda ƙishin da ba ya ƙarewa.

Ranar godiyar kaka muka shiga coci da rawa, ba takalmi, kwandon citta a kaina. Ina cikin waƙa na ji amshi yana mutuwa a bayana, har ganga ta tsaya. Na waiga, sai ga sawun jini tun daga bakin ƙofa, na ƙafar hagu kaɗai, ya biyo ni har gaban bagadi. Ƙusa ce ta shige tafin ƙafata, ban ji komai ba.

Likita ya ce ciwon sukari ne, ya riga ya kashe jijiyoyin ƙafar. Ya ce akwai kumburin da ba ya fitowa fili, yana ci daga ciki kamar wutar ƙaiƙayi, kuma wasu ƙananan 'yan aike a cikin ƙwayoyin jiki suna iza shi har jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Da na ba shi labarin Mama, ya ce da alama ita ma ciwon sukarin ne ya ci mata ƙafa. Yatsu biyu aka yanke mini.

Na yi nadama ƙwarai, musamman in na tuna Mama. 'Yan'uwa, ku yi addu'a, amma ku je a gwada jininku ko ba inda ke muku ciwo. Tururuwan nan sukarin da ke cikin fitsarina suka biyo. Wata da watanni suna faɗa mini, ni kuwa ina zuba musu kananzir.