Ƙwallon Baba Sale, Daga Tashar Funtuwa Zuwa Abhur

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Funtuwa, mu huɗu, duk 'yan kasuwar hatsi da muka ƙulla niyyar umara tare. Motar Kano na jiran mutum biyu ta cika, sai ga Baba Sale ya iso yana dogara sanda, riƙe da wani ƙunshi a baƙar leda.

Baba Sale maƙwabcina ne. Ya fi shekara ashirin yana tuƙa wani Baturen Amurka a Jidda, da ido ya fara ba shi matsala ya dawo gida, ɗansa Haruna ya gaji aikin. Ya miƙo mini ledar, ya ce in kai wa Haruna, shi ya san inda zai kai ta. Na leƙa ciki. Ƙwallo ne na fata, girmansa kamar lemon zaƙi, an ɗinke shi da jan zare. Ya yi dauɗa kamar daga kwata aka tsamo shi, ga kuma wani rubutun biro a gefe.

Ya ce na wasan besbol ne, wanda Amurkawa ke jefawa wani ya maka masa sanda. Wai daga gasarsu ta ƙarshen shekara ya fito, wadda suke kira gasar duniya alhali daga su sai Kanada ke bugawa. Kafin mota ta cika ya zuba mini labarai. Dauɗar nan, in ji shi, da gangan ake yin ta: kowane ƙwallo sai an murje shi da laka ta bakin wani kogi, kuma gida ɗaya ne kaɗai suka san wurin ɗibarta. Wai an taɓa korar wani mutum daga filin wasa saboda ya zo da akuyarsa, har tikiti ya saya mata, shi kuwa ya yi wa ƙungiyar da ke da filin baki, ga shi sama da shekara sittin ba ta sake zuwa gasar ba. Wai shi wannan ƙwallon na shekarar da ƙasa ta girgiza ne ana shirin fara wasa. Na yi ta gyaɗa kai. A raina kuwa cewa nake, wanda zai ba ka saƙon gaskiya ba ya haɗa maka da tatsuniya.

Kuɗin mota ɗari takwas ne. Muka bi ta Malumfashi, inda muka karya da koko da ƙosai na naira hamsin hamsin, muka ratsa Dayi da Gwarzo. Titin nan ramukansa sun fi kwaltarsa yawa, direban kuwa duk ya haddace su. A hanya na nuna wa abokan tafiyata saƙon. Babbanmu ya juya shi, ya girgiza shi kusa da kunne, ya mayar mini da sauri kamar garwashi. Ya tuna mini cewa a Saudiyya wanda aka kama da ƙwaya kansa ake sarewa, kuma ba a tambayar wa ya ba shi. Wani ya ce ai da tsofaffi ake haɗa baki saboda ba a zarginsu. Na ukun ya ce in wurgar ta taga kawai, in na dawo in ce ya ɓace. Daga nan har Kano ledar tana kan cinyata, ban sake jin daɗin zama ba.

A filin jirgi aka ce an ɗaga tashinmu sai gobe da hantsi. Muka kama ɗaki a Fagge. Da azahar na ɗauki ƙwallon na shiga Kasuwar Kurmi, na sami wani baduku mai ɗinkin layu da jakunkuna, na ce ya buɗe mini in ga cikinsa. Ya dube ni, ya dubi ƙwallon, bai tambayi dalili ba, da alama ba ni ne farkon matafiyin da ya zo masa da irin wannan ba. Ya warware jan zaren, fatar ta rabu gida biyu. A ƙarƙashinta farin zare ne, ƙarƙashinsa ulu mai ruwan toka, an naɗa shi tam. Muka yi ta warwara har ya taru a gabanmu tuli guda. A tsakiya akwai wani ɗan dunƙulen roba. Ya soka masa basilla, ya shinshina, ya ce babu komai sai wani abu kamar toton kara.

Na ba shi ɗari biyar, na ce ya mayar yadda yake, na tafi sallar la'asar. Da na dawo na tarar ya yi mini gwaninta. Ya ɗinke shi da irin jan zaren da yake da shi, sannan ya wanke shi da sabulu da lemon tsami har ya yi fari tas. Rubutun biron ya dusashe, sai ka ƙura ido za ka ga alamarsa. Ƙwallon ya ɗan karkace, ya yi laushi. Na ce a raina ai ƙwallo ƙwallo ne.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. A cikin jirgi har badukun na fara zargi, tunda na bar shi da kayan shi kaɗai. Mun sauka Jidda da yamma, cikin harami, iska mai ɗumi da danshi ta tare mu tun daga matakala. A wurin bincike wani matashin jami'i ya zaro ƙwallon daga jakata. Ya cilla shi sama ya cafe, ya faɗa wa abokin aikinsa wata magana suka yi dariya, ya jefa mini shi cikin jaka ya ce yalla, wato in wuce. Babbanmu, wanda ya ja da baya kamar bai taɓa ganina ba, sai a waje ya dawo kusa da ni.

Mun yi umara lafiya, mun yi kwana biyar a Makka, huɗu a Madina, sannan muka dawo Jidda don sayayya. Masaukinmu a Ruwais yake, tsohuwar unguwa kusa da teku, lungunanta matsattsu, wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Da safe riyal uku zai saya maka tamis, wato wani faffaɗan burodi mai zafi, da wake dafaffe da man zaitun, ku ci ku biyu. Shinkafa da rabin kaza riyal goma sha biyu. Mu da muke lissafi da naira, kowace loma sai mun buga ta sau arba'in. Hausawa kuwa ko'ina: masu tsire, mata masu sayar da turare da goro, yaran da za ka gaishe su da Hausa su amsa maka da Larabci.

Na kira lambar Haruna. Sau biyu yana sa mini lokaci yana fasawa, zargina ya dawo sabo. A rana ta uku da hantsi ya zo da wata doguwar mota mai baƙin gilashi. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi Baba, ya karɓi ledar bai buɗe ba, sannan ya ce maigidansa yana son ganin wanda ya kawo saƙon. Abokan tafiyata suka yi mini ido. Ɗaya ya rubuta lambar motar a tafin hannunsa.

Muka miƙe arewa ta bakin teku zuwa Abhur. Titi shimfiɗe kamar tabarma, gidaje masu dogayen katangu, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa sai masu shara. Haruna ya ba ni haƙuri, ya ce sabunta iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ce ta riƙe shi, kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya yi tafiya. Na tambaye shi me Bature zai yi da tsohon ƙwallo. Ya rage gudu, sannan ya gaya mini. Baturen yana da ɗa guda ɗaya. A 1989 ya kai shi kallon gasar a San Faransisko, yaron yana da shekara tara. Ƙasa ta girgiza kafin a fara wasa, aka ɗage kwana goma, suka zauna suka jira. Ranar da aka dawo, ƙwallo ya faɗo cikin 'yan kallo, yaron ya cafe, ya rubuta sunansa a jiki. Baba Sale ne ke kai shi makaranta tun yana ƙarami, don haka ranar da Baba zai bar Jidda yaron ya ba shi ƙwallon. Wata uku da suka wuce yaron ya rasu a haɗarin mota a can ƙasarsu. Baba ba shi da ƙarfin zuwa ta'aziyya, shi ne ya aiko wa uban da rubutun hannun ɗansa.

Na tuna sabulu da lemon tsamin baduku. Ban gaya wa Haruna abin da na yi wa ƙwallon ba.

Baturen dogo ne, tsoho, rigar jikinsa ta yi masa yawa. Ya tarbe mu a baranda mai kallon ruwa, aka kawo shayi. Haruna ya miƙa masa ledar da hannu biyu. Ya ciro ƙwallon, ya juya shi, ya matsa shi da yatsa, ya bi ɗinkin da farce. Fuskarsa ta canza. Ya yi magana a hankali, idonsa a kan Haruna. Haruna ya juyo gare ni.

"Yaya, ya ce wannan ba shi ba ne. Ya ce na gaske ɗinki ɗari da takwas ne da shi, kuma ba ya fari haka. Yana tambaya ko ni ko Baba wani ya sayar da na ainihin."

Ashe irin waɗannan ƙwallaye kuɗi ne a wurin masu tara su. Na dubi Haruna, mai mata da 'ya'ya uku a unguwar Madain Fahd, wanda zamansa a ƙasar ya rataya a kan aikin nan. Na tuna tsohon da ya tako da sanda har tasha. Zargin da na ɗora musu tun daga Funtuwa, ga shi wani ya ɗora musu a gabana, kuma ni na jawo.

Na ce wa Haruna ya fassara duk abin da zan faɗa, kada ya rage komai. Na faɗi tsoron da ya kama ni, da baduku, da basilla, da sabulu da lemon tsami. Na karɓi ƙwallon na karkata shi wajen haske, na nuna masa inda alamar biron ta rage. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Harafi biyu na farko suna nan. Ya shafa su da babban yatsa.

Na zaci zai kore ni. Sai ya tambayi me na gani a ciki. Na kwatanta masa farin zaren, da ulun, da dunƙulen robar. Ya yi wata dariya wadda hawaye ya biyo ta, ya yi magana, Haruna ya fassara:

"Ya ce shekara guda cur yaron ya yi yana roƙonsa ya bar shi ya yanka ƙwallon ya ga cikinsa, shi kuwa ya hana shi."

Ya nemi gafarar Haruna, ya kama hannunsa ya riƙe. Ni bai ce ya yafe mini ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya dai hana mu tashi sai da muka ci kifi. Muna ci na yi ƙarfin hali na tambayi zancen akuya da na laka. Ya ce duk haka ne. Ya ƙara mana da cewa tun zamanin kakansa aka taɓa kama 'yan wasa takwas da laifin karɓar kuɗin 'yan caca don su faɗi a gasar da gangan, aka kore su har abada, shi ya sa mutanensu ba sa wasa da zancen jabu. Ya ce waɗanda suka ci gasar zobe ake ba kowannensu, kuma akwai shekarar da ba a buga ta ba sam saboda 'yan wasa sun shiga yajin aiki. Ƙwallon yana hannunsa na hagu har muka yi sallama.

A hanyar komawa, da muka shiga Ruwais, Haruna ya dube ni. Ya ce halas, ya wuce, amma ni zan gaya wa Baba da bakina.

Mun sauka Kano da rana, muka isa Funtuwa bayan la'asar. Ban sauke gajiya ba na ɗauki zamzam da dabino na shiga gidan Baba Sale. Na same shi a zaure, na zauna a ƙasa na zayyana masa komai. Abin da ya fara tambaya shi ne ko maigidan nasa ya rame. Na ce ya rame. Ya share ido da bakin rigarsa.

"Alhaji, kai ma ka yafe mini," in ji shi. "Sunan yaron ne ba na iya faɗa ban yi kuka ba, shi ya sa na yi ta ba ka labarin akuya. Ban yi tunanin wuyanka ba."

Masu tambayata abin da na koya a wannan tafiya, ba zan ce muku ku riƙa karɓar saƙo ido rufe ba. Hanyar Jidda ba ta wasa ba ce, kuma ko gobe aka ba ni ƙunshi sai na san abin da ke ciki. Amma na shawarci mutum uku a mota, na biya baduku, na zargi kowa, mutum ɗaya ne kawai ban tambaya ba, wato wanda ya ba ni. Yanzu in zan buɗe kayan mutum, a gabansa zan buɗe, yana kallona ina kallonsa.