Huɗar Gonar Ƙetaren Rafi

A duk ƙauyenmu da ke gefen Dandamisa, gonar gidanmu ce kullum ƙarshen samun huɗa. Ba wai mu ragwaye ba ne. Kakana ne sila, kuma ba mai iya ce masa uffan.

Da an yi ruwan shuka sai ya saɓa garmarsa, ya tasa babana da ƙannensa a gaba, su ƙetare rafi zuwa gonar wani gidan Kiristoci. Sai sun huɗe ta kakaf sannan a waiwayi tamu. Shukar mutane ta tsiro, mu muna nan muna fama. Innata ta yi ta mita a madafi, a hankali dai, kada ya ji.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni kaɗai ke da bakin tsokanarsa. Yana ce mini amarya, ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, kewarsa ce ke fara kama ni. Ni ya ba labarin dalilin huɗar nan, a gutsure a gutsure, muna ɓarar gyaɗa a gindin ɗorawa.

Ko gemu bai fito masa ba aka ɗebe su yaƙin Boma, lokacin yaƙin duniya na biyu, shi da abokinsa ɗan gidan can, wanda suka taso suna kiwon awaki tare. Yaran da kasuwar Makarfi ce iyakar tafiyarsu, sai ga su a jirgin ruwa suna ta sheƙa amai. A can, kaya suka yi ta ɗauka a ka cikin dajin da rana ba ta ratsa shi. Zazzaɓi ya kama abokin, ya cika a bakin hanya ana tsakiyar tafiya. Kakana ya durƙusa zai tona rami, aka daka masa tsawa ya tashi ya bi layi. Ganye kawai ya yayumo ya lulluɓa masa.

Da ya dawo gida, uwar yaron ba ta tambaye shi yadda ɗanta ya rasu ba. Abin da ta ce kawai, "An rufe shi?" Kakana ya kasa ɗaga kai. Damina na faɗuwa ya nufi gonarta da garma, kuma bai fasa ba har bayan ranta.

Shekarar da gwiwoyinsa suka ƙi, na zo hutu daga makarantar da nake koyarwa a Kudan. Babana ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, bana a yi haƙuri. Jikokin gidan can sun sayi shanun huɗa, ba sa bukatarmu." Washegari da safe aka nemi tsoho da garma aka rasa.

Raina ya ɓaci, na bi sawunsa ina faɗa ni kaɗai. Na same shi a gonar, wandonsa jiƙe da ruwan rafi, ya ja rabin kunya a karkace yana haki. Mutumin da ke sa babana ya rushe kunya in ta ɗan kauce! Na tsaya a bakin gonar ina kallonsa.

Can sai ga ƙanwar abokin nasa, ita ma ta tsufa tukuf, tana dogara sanda.

"Yaya, sannu da aiki. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," ya ce, ya sake ɗaga garma.

Ta kama ƙotar ta riƙe. "Yaya, dubi gonar nan da kyau. Tun ina budurwa kake tara ƙasa a cikinta. Innarmu ta gane tun ranar da ka sunkuyar da kai, kuma ba ta taɓa riƙe ka a rai ba. Ƙasar ta isa haka. Ai ka riga ka rufe shi."

Kakana ya daɗe yana kallon gonar. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ni ma na kasa riƙe nawa.

"Ya rufu?" ya tambaye ta, murya ƙasa ƙasa kamar ƙaramin yaro.

"Ya rufu, Yaya."

Sannan ya sakar mata garmar. Bai sake ƙetare rafin ba, kuma daminar nan ya sha barcin da ban taɓa ganin ya yi ba.